Sikila ba daga uwa kaɗai take zuwa ba

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ni malamin kimiyyar halittu ne a Damagaram. A unguwarmu an saki wata baiwar Allah da goyo a bayanta don ɗanta na biyu ma ya zo da sikila, dangin miji suna cewa jininta ne ba kyau. Wallahi an zalunce ta, ga kuma dalilina.

A cikin ƙwayoyin jikinmu akwai DNA, wadda ɗalibanmu suka sani da ADN. Rubutu ne da haruffa huɗu, A, T, G da C, rabi daga uwa, rabi daga uba. Kamar littafi take da ba a fita da shi daga ɗaki, sai dai a kwafi abin da ake buƙata a allo. Allon nan shi ne RNA. Ita ke kai saƙon inda ake harhaɗa furotin, a karanta shi harafi uku-uku, kowane uku na nuna sinadari ɗaya cikin 20 da za a jera.

To, a umarnin haɗa himoglobin, furotin da ke ɗaukar iska a jini, harafi ɗaya tak ya sauya, GAG ta koma GTG, sinadari na 6 ya zama wani dabam. Wani masanin kimiyya, Vernon Ingram, ne ya gano sauyin sinadarin a 1957. Harafin nan guda shi ke lanƙwasa jar ƙwayar jini ta toshe ƙananan hanyoyi, ta mutu cikin kwana 10 zuwa 20 maimakon 120. Duk wanda ya taɓa kwana a gefen yaron da ke murƙususu, ƙafafu da hannaye a kumbure, idanu sun yi ɗorawa, ya san abin da nake nufi.

Umarnin da ya sauya ana kiransa S, lafiyayyen kuma A. Yaro ba ya zama SS, wato mai sikila, sai ya karɓi S daga uwa, ya karɓi S daga uba. Mai AS, wato mai S ɗaya kawai, lafiyarsa lau, har yana da ɗan kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, shi ya sa abin ya yawaita a ƙasashenmu. In AS biyu suka yi aure, kowane ciki na da hatsarin ɗaya cikin huɗu, ko da na baya ya zo da cutar. Mijin nan in ya auro wata mai AS, yana iya sake gani.

Ina roƙon jaridarku ta ba wani likita fili ya yi wannan bayani da Hausa. Iyaye kuma su nemi takardar gwajin jini tun kafin a kai kuɗin gaisuwa, domin in an riga an sa rana babu mai iya cewa a fasa.

Naku,
Malamin makaranta, unguwar Birni, Damagaram