Mamana, Fure Ma Kayan Gwari Ne

Assalamu alaikum Mamana,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidan naki da yaran. Mu nan lafiya lau, sai ƙafar nan tawa da ke motsawa in sanyi ya shigo.

Hajiyarku ta faɗa mini kin miƙa takardar ajiye aiki, har kin kama shago a Abuja. Daren ranar ban yi barcin kirki ba. Shekara 11 kina banki, wata na mutuwa albashi na shigowa, sai kawai a ce za ki koma sayar da fure. Baffanki ya ce in tsawatar miki. Na ƙi, don na ga yadda kike zuwa mana hutun Sallah kamar wadda ta tashi daga jinya. Amma tunda kin shigo layina, sai ki ba ni kunnenki.

Na ce layina, domin abin da za ki sayar kayan gwari ne. Kuɗin da kika saba ƙirgawa, ko shekara ya yi a ajiye ba ya ruɓewa. Fure kuwa, daga ranar da aka yanke shi ya fara mutuwa, kuma da jarinki yake mutuwa.

Kina 'yar ƙarama na yi lodin tumatir daga Kwanar Gafan zuwa kasuwar Mile 12 a Legas. Rabin kuɗin rance ne, kuma ba ni da mai saye a ƙasa, labari kawai na ji cewa kaya na tsada. Mota ta lalace mana tsakanin Mokwa da Jebba, muka kwana biyu a bakin titi. Ranar farko ina ta zagaya motar ina taɓa kwanduna. Rana ta biyu na daina, don jan ruwa ya fara ɗiga ta ƙasan bodi, ƙudaje sun yi baƙi a kan tamfol. Abin da na sayar a Legas ko kuɗin mota bai fitar ba. Shekara biyu ina biyan bashin nan, mahaifiyarki ta sayar da 'yan kunnenta ba ta taɓa yi mini gori ba. Direba na zaga a lokacin, amma laifin nawa ne.

Don haka kada ki saro fure mai yawa sai kina da mai shi. In aikin biki ne, a ba ki kafin alƙalami, rabi ko sama da haka, kafin ki kira mai kawo kaya. Waɗanda za su fi wahalar da ke a nan su ne tsofaffin abokan aikinki da 'yan uwa, masu "ai namu ne, bayan biki ma yi lissafi". Bayan biki fure ya zama shara, wa zai ji daɗin biyan kuɗin shara? Ki faɗi kuɗinki da fara'a, ki rubuta, ki karɓa. In dangi ne kuma kina so ki yi alheri, ki yi shi kyauta ki san kyauta kika yi, kada ki kira shi bashi.

Kin ce mini yawancin wardin da ake yayi daga Kenya ake kawo shi a jirgi, daga gonakin bakin tafkin Naibasha. To, wannan da dala ake sayensa, kuma kin fi ni sanin abin da ya sami naira tun 2023 da aka sake ta. Kada ki yanka wa amarya farashi yau a kan kayan da sai bayan wata uku za ki saya. Ki kuma duba Jos. Garin na kan tudu, ya kai kimanin mita 1,200, sanyinsa ne ya sa ake noma abin da ba ya yi a wajenmu, har da furanni. Ki je gonar da ƙafarki, ki san manomin, ki biya shi a kan lokaci. Ran da kaya suka yi wuya, wanda ba ya riƙe masa kuɗi yake fara tunawa. Kuma kada ki tsaya kan mutum ɗaya.

Yadda ake datse kara a karkace, a cire ganyen da zai nutse, a canza ruwan bokiti, wannan an koya miki, ba zan sa baki ba. Nawa shi ne: abin da ke kashe tumatir shi ke kashe fure, wato zafi da daɗewa da cunkoso. Kuɗin da za ki zuba a madubi da fitilun ado, fara kai shi wajen sanyi da sola ko janareto. Zafin Maris da Afrilu ba ya jiran a dawo da wuta. Sannan kada yarinyar shago ta ajiye ayaba ko mangwaro a inda fure yake. Mu 'yan gwari mun san nunanne ɗaya na nunar da kwando guda, iskar da yake fitarwa ce, kuma ita ce ke zubar da fure.

Kasuwar ma ki karance ta. Bahaushe bai saba kai wa matarsa fure ba, turare da atamfa ya sani. Ni kaina da na kai wa Hajiya, tambayata za ta yi ko na miya ne. A ɗakin biki kuma furen roba na nan yana jiranki, ana wanke shi a sake haya. Biki yakan yi yawa kafin azumi da bayan Sallah da watan Disamba, cikin azumi kuwa shiru. Ranar masoya, 14 ga Fabrairu, za ki ga ciniki har ki ruɗe, amma wanda ya kwana zuwa 15 ya yi kwantai. Ki nemi otal da ofisoshin da za su riƙa karɓa duk mako, ko ribar kaɗan ce, ita za ta biya haya. Ki haɗa da shuke-shuken tukunya, su ko ba a saya ba girma suke yi.

Kuɗin sallamarki ki raba biyu, rabi ki manta da shi har shekara ta zagayo. Ki yi rajistar sunan shagon a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ki buɗe masa asusunsa daban, ki yanka wa kanki albashi. Kuɗin cefane kada ya fito daga durowar shago, ko da na maggi ne.

In kin tashi zuwa Jos ki sanar da ni, in turo ƙaninki ya same ki a tasha. Ya iya ciniki a gona, ke kuwa suna ganin takalminki za su ninka kuɗin. Hajiya ta ce ta haɗa miki kuka da daddawa, shi zai taho da su. Ki gaida maigidan da yaran. Allah ya sa albarka.

Mahaifinki