A Duba Nauyi Kafin a Ɗora Tanti a Kan Mota

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarku in ja hankalin masu a-kori-kura da ke fita aikin daji daga nan Katsina, irin su masu haƙa rijiyar burtsatse da masu auna filaye, kan tantin nan mai naɗewa da ake ɗaurewa a saman mota. Abu ne mai kyau, yana raba mutum da kunama da damshin ƙasa. Yadda ake ɗora shi ne abin dubawa.

Tantin shi kaɗai yakan kai kilo 50 zuwa 80. Rufin mota kuwa iyaka biyu gare shi: abin da zai ɗauka tana tafiya, da abin da zai ɗauka tana tsaye. Na tafiya ne ƙarami, a motoci da yawa tsakanin kilo 70 ne zuwa 100, kuma yana rubuce a littafin motar. Shi ake lissafi da shi. Tanti kilo 60, keriya kilo 20, an kai 80 ke nan tun ba a ɗora jarkar ruwa ba. Masu kwana a ciki ba sa shiga wannan lissafi, don a tsaye rufin na ɗaukar ninkin haka.

Keriyar ita ce uwar aiki. Masu waldarmu sun iya haɗa ƙarfe, ba a musu, amma sau da yawa ƙafafun suke zaunarwa a tsakiyar rufi, inda gwangwani ne kawai. Gargadar kwana biyu ta isa ta lotsa shi. Ƙafafu a gefe suke zama, kan wuraren ɗauri da kamfani ya tanada. Wanda ya huda rufi bai toshe da gam ba, damina za ta nuna masa: yoyo, sannan tsatsa. Kuma kada a yi keriya guda, rabi kan gidan direba rabi kan bodi. Kowanne juyawarsa daban idan mota ta faɗa rami, waldar ce ke tsagewa. In rufin ya yi gajere, kamar na Hilux mai ƙofa huɗu, gara a kafa keriyar gaba ɗaya a kan bodi.

A ƙasan tanti akwai dogayen ƙarafa biyu na alminiyam masu tsagi. Su za su gitta sandunan keriya, a bar kamar santimita 70 zuwa 90 tsakanin sanda da sanda. Mutum huɗu su ɗaga, kowa da kusurwarsa, a shimfiɗa tsohon bargo a gefen rufi saboda fenti. A gwada da tef, hagu da dama su zo daidai. Wuraren ɗauri huɗu ne, kowanne da noti biyu mai kaurin milimita 8 da ake zurawa cikin tsagin, ɗaya gaban sanda ɗaya bayanta, sai farantin ƙarfe daga ƙasa. Sifana mai lamba 13 ke ɗaure su. A sa noti mai roba a ciki, shi ne girgiza ba ta kwancewa. A riƙa ɗaurewa kaɗan-kaɗan ana zagayawa. Da farantin ya fara lanƙwasa, an wuce ƙa'ida. Kafin a gama ɗaurin a buɗe tantin a gani, ko tsaninsa ya sauka ƙasa ba tare da ya tare ƙofa ba.

Bayan tafiyar farko, a ce Katsina zuwa Daura, kimanin kilomita 80, a sake bin notin takwas da sifana, galibi akan samu wanda ya saki. Direba kuma ya san motar ta ƙara tsawo, nauyi ya koma sama, za ta fi jirkicewa a kwana, iskar hunturu ma za ta riƙa turata. A rage gudu, a auna sabon tsayinta a rubuta a manna kusa da sitiyari, saboda ƙofar gida da rumfar gidan mai.

Naku,
Mai karanta jaridarku,
Ƙofar Ƙaura, Katsina.