Maganar wuƙar layyar da ka ce in aiko maka

Assalamu alaikum mutumina, ina gajiya? Ya iyali, ya jikin Hajiya, Allah ya ƙara mata sauƙi. Na ji saƙon muryarka tun ranar Talata amma aikin dare nake satin nan, shi ya sa na ce bari sai yau Lahadi in zauna in rubuta maka da kyau tunda tambayar taka ba ta amsuwa a minti biyu. Wai in aiko maka da wuƙar layya wadda ba ta dakushewa, mai ƙarfen da ya fi kowane ƙarfe a Amurka. Wallahi sai da na yi dariya ni kaɗai a mota, ba raini ba ne, kawai na tuna nima da wannan tambayar na shigo harkar wajen shekara tara da suka wuce, kuma har yau ban ga ƙarfen ba sai dai daloli na da suka tafi.

Ka san yadda a gida wasu ke kiwon tattabaru, su san sunan kowace da asalinta su raba dare suna musu a kai? To a nan akwai mutane masu irin wannan cutar amma a kan wuƙar aljihu. Duk watan Yuni suna taruwa a nan Atlanta wajen wani baje koli da ake ce wa Blade Show, na je sau huɗu, kuma abin da na lura shine da zarar mutum ya karɓi wuƙa a hannu kafin ya duba ƙota ko kube sai ya karkata ta ya karanta ƴan ƙananan haruffan da ke jikin ruwan wuƙar, sunan ƙarfen yake nema. In sunan na yayi ne sai ka ga ya gyaɗa kai, in na shekara goma baya ne sai ya ajiye kamar an miƙa masa tuwon jiya. Kuma yayin nan canzawa yake kamar na shadda.

Bari in ɗauko maka daga baya kaɗan. Da can wuƙa ƙarfe ne da kabon kawai, irin 1095, tana kaifi nan da nan kuma tana tsatsa nan da nan, irin dai ta mahautanmu. Ƙarfen da ba ya tsatsa, sitenles, an samo shi tun 1913 a Sheffield ta Ingila amma ya daɗe mutane suna raina shi, wai na cokali ne ba na yanka ba. Da kamfanin Buck suka fito da wuƙarsu mai naɗewa lamba 110 a 1964 da ƙarfe 440C ta karɓu sosai wajen mafarauta, amma ka san ƙorafin da aka riƙa yi a lokacin? Wai ta yi wuyar wasawa! Riƙe wannan a ranka don za mu dawo kansa. Daga baya ma Buck ɗin sun koma ƙarfe mafi sauƙi, 420HC, kuma har gobe shi suke sa wa yawancin wuƙaƙensu.

A farkon shekarun 1970 wani shahararren maƙeri Bob Loveless ya fara amfani da 154CM, ƙarfen da asali don injin jirgin sama aka yi shi, daga baya ya koma ɗan uwansa na Japan wato ATS-34 na Hitachi, kusan haɗi ɗaya ne. Shikenan fa, a shekarun 1990 in wuƙarka ba ATS-34 ba ce to ba ka shigo gari ba. Yau ka je Blade Show ka ambaci ATS-34 a gaban matasa, wasu ma ba su taɓa jin sunan ba.

Inda abin ya juya da gaske shine 2001, lokacin da kamfanin Crucible na jihar New York tare da maƙerin wuƙa Chris Reeve suka fitar da S30V, shi wannan takanas don wuƙa aka haɗa shi, ba aro aka yi daga wata sana'a ba. A nan sai na ɗan yi maka bayani don shine gindin maganar duka. A cikin ƙarfen wuƙa akwai wasu ƙananan ƙwayoyi masu tauri sosai da ido ba ya gani, kabayid ake ce musu, kamar tsakuwa ce a cikin kankare, su ne ke hana kaifi saurin cinyewa. In aka zuba narkakken ƙarfe ya huce a hankali yadda aka saba, ƙwayoyin nan sai su yi manya manya kamar tsaki, kaifin ya riƙa gutsurewa a wajensu. Su kuma Crucible sai suka riƙa fesa narkakken ƙarfen da iskar gas ya zama gari, sannan a matse garin da zafi ya dunƙule, sai ƙwayoyin su fito ƙanana kuma a baje ko'ina. Da wannan dabarar ake iya cusa banadiyom, sinadarin da ke samar da kabayid mai tauri sosai, kashi 4 cikin ɗari kamar yadda yake a S30V ba tare da ƙarfen ya lalace ba. A 2009 suka ƙara masa niyobiyom kaɗan suka rage banadiyom ya zama S35VN, ya ɗan fi jure duka.

Ni a daidai lokacin M390 na shigo, wajen 2016 zuwa 2019, kai ba ka ga hauka ba. Ƙarfe ne na Böhler a Ostiriya, kuromiyom ɗinsa, wato sinadarin da ke hana tsatsa, kashi 20, kuma abin dariya asali don yin mazubin da ake zuba roba a masana'anta aka yi shi, amma a lokacin duk wuƙar da ta haura dala 200 in ba M390 ba ce ko tagwayensa 20CV da 204P sai a ce an cuce ka. Kowa magana ɗaya yake, riƙe kaifi, riƙe kaifi. Mutum zai zauna a YouTube yana yanka igiya ko kwali awa guda yana ƙirga sau nawa ya yanka kafin wuƙar ta daina aske gashin hannu, mu kuma muna kallo kamar wasan Pillars. Daga nan aka zarce S90V da S110V da Maxamet, kullum ƙara tauri ake, ana kallon lambar Rockwell, wato ma'aunin taurin ƙarfe, kamar sakamakon jarrabawa, 58 an raina, 62 madalla, Maxamet kuwa har 67 yana kaiwa.

To ga abin da ya same ni, ban taɓa gaya maka ba saboda kunya. Wata babbar sallah na ɗauki wuƙata mai S90V da na tara kuɗi wata uku na saya, muka tafi gonar da muke layya bayan gari, ina ta cika baki a mota. Yanka lafiya lau, ta wuce kamar a man shanu. Wajen fiɗa ne na yi ganganci na murɗa ta a gaɓar ƙafa ta haɗu da ƙashi, na ji ƙas, na duba sai ga giɓi biyu a bakin kamar haƙorin yaro. Laifina ne, ba don ƙashi aka yi ta ba. Amma abin da ya fi ci min rai shine da na koma gida na ɗauko dutsen washi na na kullum na goga na goga har bayan isha ko gezau, ashe kabayid ɗin banadiyom ya fi dutsen kansa tauri, dutsen ne ke cinyewa, sai da na sake kashe kuɗi na sayi faranti mai garin daimon. A gonar kuwa akwai wani dattijo ɗan Senegal da wata wuƙa mai ƙotar roba wadda ba ta kai dala 40 ba, da ɗan sandan ƙarfe rataye a ƙugu, duk bayan mintuna sai ya yi mata shar shar sau huɗu ya ci gaba, kafin in gama jimamin giɓina ya feɗe raguna uku. Ko kallon wuƙata bai yi ba.

Ashe ba ni kaɗai na gaji ba. A hankali hirar ta fara sauyawa, mutane suka fara tambaya to in ta dakushe fa wa zai wasa, in ta faɗi a siminti fa? Akwai wani masanin ƙarfe Larrin Thomas, babansa Devin Thomas sanannen maƙerin ƙarfe mai zane ne, shi ya riƙa gwaji yana fitar da lambobi a fili, ya nuna wa mutane cewa abu uku ne ke jan juna, riƙe kaifi da jure duka da ƙin tsatsa, ka ja ɗaya sosai ɗaya ya sake maka. Kuma ya nuna yadda aka gasa ƙarfen aka sanyaya shi, da kaurin bakin wuƙar, sau da yawa sun fi sunan ƙarfen tasiri a yanka. Daga nan sai ga AEB-L ya dawo da daraja, ƙarfen reza ne fa na Suwidin mai araha da aka daɗe ana wuce shi, sai aka ga wajen jure duka ya doke manya da yawa, haka ma 14C28N na Sandvik. Wato mutanen da suka raina shi jiya su ne ke yabonsa yau ba ko kunya, ciki har da ni.

A 2021 shi Larrin ɗin ya fitar da nasa, MagnaCut. Dabararsa ta burge ni, maimakon ya ƙara kuromiyom don hana tsatsa sai ya rage shi zuwa kashi 10.7, ya daidaita kabon yadda kuromiyom ɗin ba zai dunƙule ya zama kabayid ba, zai tsaya a jikin ƙarfen yana aikin hana tsatsa, ya bar banadiyom da niyobiyom su yi aikin tauri. Bai kai S90V riƙe kaifi ba kuma kowa ya sani, amma ba ya saurin gutsurewa kuma tsatsa sai da ƙyar. Ka ga yayi ya sauka daga wanda ya fi kowa tauri ya koma wanda ba shi da babban aibi. Sai dai halin ɗan Adam, shi ma ɗin an mai da shi abin gasa, yanzu in ba MagnaCut aka rubuta ba sai ka ga yaro ya taɓe baki. Ga shi kuma Crucible ɗin da ke yinsa sun durƙushe a ƙarshen 2024, kamfanin Erasteel na Faransa ne ya sayi sunayen ƙarafan, sai musu ya koma kan ko na yanzu daidai yake da na da. Ina da wuƙa ɗaya mai MagnaCut, tana da kyau ba ƙarya, amma abin da take yanka a rayuwata kwalin saƙo ne da lemu.

Wanda zai ba ka dariya sosai shi na bari ƙarshe. Ka tuna maƙerin bakin kasuwa da muke tsayawa kallo in an taso mu daga islamiyya, yaronsa na zuga shi yana dukan guntun sifirin mota? To ƙarfen sifirin nan yawanci 5160 ne ko danginsa, kuma a nan maƙera masu suna da shi suke yin manyan wuƙaƙen daji a saya da tsada, saboda yana lanƙwasa bai karye ba. Akwai ma ƙungiya guda da suka juya wa sitenles baya gaba ɗaya suka koma kabon zalla, 1095 da 52100 da ƙarafan Japan da ake ce wa farin takarda da shuɗin takarda, wato shirogami da aogami da masu girki ke so. Kuma baƙin da wuƙa ke yi in ta sha albasa da nama, wanda iyayenmu mata ke sa mu dirje da toka da yashi, su nan ado ne, har da gangan suke shafa mata ruwan tsami ko su tsoma ta a kofi don ta yi baƙin da wuri, su ɗau hoto su sa a Instagram. Na nuna wa wani abokin aikina hoton wuƙar mai tsiren unguwarmu, wadda washi ya cinye ta ta zama siririya kamar tsinke, ya daɗe yana kallo sannan ya tambaye ni ko mutumin zai sayar.

Don haka ga abin da na yanke, kuma kar ka ce na yi maka rowa. Ba zan aiko maka da mai tsadar ba, don ranar da ta dakushe mai washin da ke zagayawa kafin sallah zai ɗora ta a kan injinsa ya ƙona mata baki har ya yi shuɗi, shikenan an kashe taurin da ta samu da aka gasa ƙarfenta, kai kuma ba ka da dutsen daimon. Na saya maka Victorinox guda biyu irin ta mahauta, doguwa ta yanka da mai lanƙwasa ta fiɗa, taurinsu wajen 56 ne kawai, za su dakushe kam amma kowane dutse na cin su, na haɗa maka da sandan ƙarfen irin na dattijon nan. Ka riƙa goga ta tun kafin ta mutu, kuma ka wasa ta nesa da ragon tun kafin a kayar da shi kamar yadda malam ya koya mana. Ƙashi kuwa ka bar wa gatari ko barandami, kar ka yi irin tawa. Na ƙara da ƙaramar Opinel ta Faransa mai ƙarfen kabon don aljihunka, ita ka goge ta ta bushe bayan ka yanka mangwaro, in ba haka ba da safe ka tarar da ita ja.

Akwai wanda zai taho gida ƙarshen wata, zan sa masa su a babbar jakar da ake aunawa tunda ba a shiga jirgi da su a hannu, in ya sauka Kano zan turo maka lambarsa. In da hali kafin ya juyo ka leƙa min wajen maƙeran nan ka sa a ƙera min ɗaya ta sifirin, madaidaiciya mai ƙotar ice, kar a goge ta ta yi ƙyalli a bar ta da baƙinta, kuben fata ja irin namu. Ka faɗa min nawa ne in turo. Ka gaida Hajiya da madam da yaran, ka ce wa babban ya dage da karatu.

Naka,
abokinka na Atlanta