Kwalbar da na samu a aljihun kawunka

Agege, Legas
Daren Asabar

Assalamu alaikum.

Ya kai ɗana, bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya kamar yadda muke nan lafiya. Mahaifiyarka tana gaishe ka, ƙannenka ma haka. Za ka yi mamakin ganin takarda daga gare ni alhali ga waya, kuma tsakanin Agege da Alaba Rago ba wata uwa duniya ba ce in ban da cunkoson hanya. Da gangan na yi. Na san halina, in na fara magana muryata tashi take yi, kai kuma sai ka sunkuyar da kai kana "to Baba, to Baba", mu tashi ba abin da ya shige ka. Takarda kuwa kana iya karanta ta sau uku ba wanda ya ɗaga maka murya.

Jiya da aka sauko daga Juma'a kawunka ya biyo ni gida cin abinci. Idonsa na dama jawur, sai zubar da hawaye yake. Muna zaune ya zaro 'yar kwalba daga aljihun gaba, ya ɗaga kai ya ɗiga, ya yi ajiyar zuciya, ya shiga sa maka albarka. Wai tun ranar Laraba da ka cire masa ɓarɓashin ƙarfe daga ido a wurin aikinka ka ba shi ragowar maganin, shi ne yake samun runtsawa, har ma ya koma bakin waldarsa. Na karɓa na karanta, na ga tetrakain ce, ɗigon nan da ke kashe jin zafi a ido. Gabana ya faɗi. Kwalbar tana cikin durowata yanzu, kuma ya bar gidan nan yana fushi da ni. Yau da sassafe na tasa shi gaba zuwa asibitin ido a Ikeja. An duba, wurin da ka cire ƙarfen bai haɗe ba, har ya ɗan ƙara faɗi, amma Allah ya taƙaita, ƙwayar cuta ba ta shiga ba. An ba shi man shafawa, an ce ya koma ranar Litinin.

Na san tausayi ne ya sa ka. Ƙanin mahaifiyarka ne, shi ya goya ka a wuya kana yaro, ya dube ka yana hawaye ya ce "ɗan bar mini sauran mana", ta ina za ka fara ce masa a'a? Ni ma an sha sa ni a wannan kwanar tun ina ɗalibin jinyar ido a Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, har na yi ritaya. To bari in gaya maka abin da ya sa hannuna bai taɓa sakin kwalbar nan ba.

Tantanin nan mai sheƙi da ya rufe baƙin ido, a duk jikin ɗan Adam ba inda jijiyoyin jin zafi suka cunkushe kamarsa. Shi ya sa ƙwayar yashi ɗaya take hana ƙato sakat. Wannan raɗaɗin maigadi ne da Allah ya ajiye a bakin ƙofa. Shi ke sa a ƙifta, shi ke kiran hawaye su wanke, shi ke hana mutum buɗe idon ga ƙura da iska har sai ya warke. Maganin da ka ba kawunka aikinsa ɗaya, ya toshe hanyar da jijiya ke aika saƙo zuwa ƙwaƙwalwa. Kafin minti ɗaya ya kama, bayan minti 15 zuwa 20 ya sake. Ciwon yana nan inda yake, maigadin kawai aka sa barci. Da ya sake, zafi ya dawo, mutum ya ƙara ɗigawa. Tun yana yi bayan awa biyu, sai ya koma duk rabin awa. Abin da bai sani ba, maganin da kansa guba ne ga sabuwar fatar da ke ƙoƙarin tsirowa ta rufe raunin. Ƙujewar da a kwana ɗaya ko biyu za ta haɗe, sai ta tsaya cik, ta buɗe, ta zama gyambo. Ido ya bushe don ba ƙiftawa. Mai shi ya murza da bayan hannu ko da gefen riga, bai ji komai ba.

Akwai wani saurayi mai walda daga Ijora da ba na mantawa da shi. Hasken walda ne kawai ya taɓa shi, irin wanda kowane mai sana'ar ya sani: ka yi aiki da rana lafiya lau, bayan awa 6 zuwa 12, cikin dare, ka farka kamar an watsa maka barkono da yashi. Wannan kan warke da kansa cikin kwana ɗaya zuwa biyu in an bar ido ya huta. Sai wani mai kemis ya sayar masa da irin wannan kwalbar. Ranar da aka kawo mana shi ya fi mako biyu yana ɗigawa. Da na haska idon, sai na ga farin zobe ya kewaye baƙin, tsakiyar kuma ta yi laushi tana narkewa kamar kitse a wuta. Muna cikin duba shi yana roƙon mu ɗiga masa. Aka kwantar da shi, ciwon ya ƙi jin magani, likita ya rasa dalili, sai da wata mai shara ta tsinci wata kwalbar a ƙarƙashin matashinsa. Ido ɗaya ya fashe. Ɗayan ya tsira da hakiya. Yaron da ya zo Legas neman kuɗin aure, ƙaninsa ne ya riƙe masa hannu zuwa tashar motar Arewa. Garin neman gira ya rasa ido, kuma wanda ya sayar masa yana nan yana ganin taimako ya yi.

Kada ka ɗauka ina ƙin maganin. Ni da na ci abinci da shi shekaru, na san ni'ima ce. Kafin 1884, yankan ido da ɗaure mutum ake yi ko a sa shi dogon barci. A shekarar ne wani matashin likita a birnin Biyana na Ostiriya, Karl Koller, ya gano cewa ruwan koken, wato abin da yanzu muke kira hodar iblis, in aka ɗiga a ido yana kashe jin zafi. Daga nan aka yi ta gyarawa har aka samo waɗanda ke kan teburinka yau, su tetrakain, firoksimetakain, oksibufirokain da lidokain. Da su ake auna hawan jinin ido, da su ake cire abin da ya maƙale, har aikin yanar ido wasu likitoci da ɗigo kawai suke yi, tsoho yana kwance yana salati a gama. Wuƙar fiɗa ce. Wurinta ɗakin aiki, a hannun wanda ya koya.

Tun da an ba ka amanar ɗakin duba ido a wurin aikinka, ga yadda nake so hannunka ya saba. Kafin komai, sa mutum ya karanta allon gwaji, ido ɗaya bayan ɗaya, ka rubuta abin da ya gani. In ba ka yi ba, gobe ya dawo ya ce kai ka rage masa gani, ba ka da bakin magana. Ka tambaye shi ko wani maganin kashe zafi ya taɓa tayar masa da ƙaiƙayi ko kumburi, ko a wajen cire haƙori ne. In yana sa gilashin nan da ake mannawa a ƙwayar ido, ya cire. Ka wanke hannu. Ka karanta sunan da ke jikin kwalba da ranar lalacewarta da idonka, don kwalaben ɗigon ido kamar tagwaye suke. Ka faɗa masa zai ji yaji na ɗan lokaci, musamman da tetrakain, ta fi firoksimetakain cizo. Ka ja fatar ƙasa, ya kalli sama, ɗigo ɗaya ko biyu, kuma kada bakin kwalba ya taɓa gashin ido. In ya taɓa, ta tashi daga aiki. Na fi son 'yan ƙananan nan na ɗigawa sau ɗaya a yar, irin su Minims, ko da sun fi tsada, don ba su bar ragowar da wani zai roƙa ba. Firoksimetakain kuma a firij take zama, tsakanin digiri 2 zuwa 8. Da halin wutar unguwarku, ka riƙa ɗaga ta ga haske. In ruwan ya sauya launi ya yi duhu, zubar.

Ɗigon nan yana ma yi maka magana in ka saurara. Wanda ka ɗiga masa ya ce zafi ya ɗauke ɗif, matsalarsa a saman tantanin take. Sai ka sa rinin nan ruwan lemo, ka haska da shuɗiyar fitila, duk inda ya ƙuje zai fito kore shar. Kada ka manta ka juya fatar sama, ɓarɓashi da yawa can suke ɓuya suna kartar ido duk ƙiftawa. Wanda kuwa ka ɗiga masa ya ce har yanzu yana jin zogi can ciki, har zuwa kai, ga ganinsa ya dushe, wannan ya fi ƙarfin ɗakinka. Rubuta masa takarda a ranar.

Sanin inda za ka tsaya shi ne rabin aikin, kuma nan ne matasa kuke da gardama. Kullum ka tambaya me yake yi lokacin da abin ya shiga. Wanda iska ta watsa wa ƙura a kan babur daban, wanda yake dukan ƙarfe da guduma ko yana yanka da inji a kasuwar ƙarfe ta Owode Onirin daban. Tartsatsin da ya taso da gudu yana iya huda ido ya wuce ciki, ya bar 'yar ƙofar da ba za ka gani ba. In ka ga ɗan baƙin tsakiya ya karkace ya daina zama da'ira, ko jini ya kwanta a cikin baƙin ido, ko idon ya yi laushi, ɗauke hannunka. Ba dannawa, ba tonawa, ba shafa mai. Yanki gindin kofin roba ka kifa a kai, ka manne da filasta yadda ba abin da zai taɓa ƙwayar, kada ya ci komai don ƙila a shiga da shi tiyata, a wuce da shi Cibiyar Ido ta Guinness da ke asibitin koyarwa na LUTH a Idi-Araba, ko LASUTH a Ikeja. Haka nan ƙarfen da ya zauna daidai tsakiyar gani, ko wanda ya bar tsatsa ya nutse, bar wa mai na'urar dubawa. Tabon da allurarka za ta bari a tsakiya, da shi mutum zai mutu.

Wuri ɗaya ne na yarda ka tsallake allon gwaji, wato in siminti ko farar ƙasa ko ruwan batir ya fantsama a ido. Leburorin gini da 'yan cajin batir za su zo maka. Nan ba a tsayawa rubutu. Ɗiga maganin don ya iya buɗe idon, ka kwarara ruwa mai tsabta ba ƙaƙƙautawa, aƙalla minti 20 zuwa 30, ka juya fatar ido ka share duk wani guntun siminti da ya maƙale, sannan ka tura shi gaba. Siminti ya fi ruwan batir mugunta, don shi ci yake yi yana shiga ciki bayan mutum ya ɗauka an gama.

In ka gama cire abu, kada ka bar mutum ya fice nan take. Ya zauna rabin awa har idon ya farfaɗo. Ka gaya masa da Hausar da zai gane cewa zafin zai dawo, kuma dawowarsa ba alamar aikin ya ɓaci ba ce. Mafi yawan masu roƙon kwalba, ba wanda ya faɗa musu haka. Kada ya murza. Kada ya hau babur ido tsirara cikin ƙurar hanyar Badagry. Ka ba shi man kulorafenikol mai kashe ƙwayar cuta da farasitamol, ya kwanta a ɗaki mai duhu, ya ɗora tsumma mai sanyi a kan rufaffen ido, gobe ya dawo ka sake dubawa. Ka ja masa kunne kan nonon mace da ruwan sukari da ruwan albasa da tozali, don da ya isa gida za a kawo masa su. Haka ɗigon nan mai sitiroyid da ake saya kamar alewa a lokacin afolo, a kan ido mai rauni shi ma wata masifar ce.

Na san za ka ce ka gani a wayarka cewa wasu likitocin gaggawa a ƙasashen waje suna ba da kaɗan na yini ɗaya a tafi da shi gida in ƙujewar ƙarama ce. Na ji wannan muhawarar, kuma likitocin ido da yawa a can ɗin ma ba su yarda ba. Ko da sun yarda, su suna magana ne a kan mutumin da aka auna masa 'yan ɗigo kuma za a sake ganinsa. Kai ka san mutanenmu. Wanda zafi ya sake shi ba ya dawowa. Kwalbar da ka ba mutum ɗaya, kafin mako ta zaga shagon walda gaba ɗaya, kowa ya kafa bakinta a idonsa, sannan a ɗauki fankon a kai kasuwar magani ta Idumota a ce a ba su irinta. Kawunka da kansa ya gaya mini yaransa biyu sun riga sun ɗiga.

Saboda haka ka sa makulli a durowar da kake ajiye su, ka riƙa ƙirgawa safe da yamma. In wani babba ya matsa maka, ko wanda kake jin nauyinsa, ka ce dokar wurin aiki ce, ko ka ce ni na hana. Na saba ɗaukar baƙin jini a kan wannan.

Ranar Litinin ka nemi izini a wurin aiki, kai za ka raka kawunka asibiti, ni ƙafata ta hana ni sake hawa danfo nan kusa. Ka tsaya a gefen likita ka ga raunin da idonka a ƙarƙashin fitila. Ka taho da yaran nan biyu su ma a duba su. Mahaifiyarka ba ta san daga hannun wa kwalbar ta fito ba, kuma ban yi niyyar gaya mata ba. A hanyarku ta dawowa ka biya ka saya wa kawunka garkuwar fuska ta walda ta gaske, da tabarau mai rufe gefe na lokacin yankan ƙarfe, don wannan baƙin tabarau na gayu da yake maƙalawa ba ya tare komai. Na sa kuɗin a cikin ambulan ɗin nan. Ka ce masa daga gare ka ne, ni har yanzu ba ya amsa wayata.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka