Tallafin ilimin firamare: a bi sawun kuɗin har ƙofar aji

Ranka ya daɗe Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon ka ba ni ɗan fili domin in tofa albarkacin bakina kan tallafin da ƙasashe masu hannu da shuni da hukumomin duniya ke bai wa ƙasashe matalauta don gyara tsarin makarantun firamare da yadda ake tafiyar da su. Na shafe shekaru ina aikin duba makarantu kafin in yi ritaya, kuma abin da na gani da idona ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Tun daga taron ilimi na duniya da aka yi a Jomtien ta ƙasar Tailan a 1990 zuwa na Dakar a 2000, inda aka yi alkawarin cewa duk ƙasar da ta ɗaura ɗamarar ilimantar da 'ya'yanta ba za a bar ta ta gaza saboda rashin kuɗi ba, hankalin masu ba da agaji ya fi karkata ga shigar da yara makaranta. An kuwa ci nasara a wannan fanni. Malawi ta soke kuɗin makarantar firamare a 1994, Yuganda ta bi sahu a 1997, Kenya kuma a 2003, sai yara suka yi ta tururuwa. A Malawi, cikin shekara guda yawan ɗalibai ya tashi daga kusan miliyan 1.9 zuwa wajen miliyan 3. Sai dai ajujuwa sun cika maƙil alhali ma'aikatun ilimi ba su da isassun ƙwararrun malamai, ba su kuma da hanyar sanin ko yaran suna koyon wani abu. A 2022 Bankin Duniya da abokan aikinsa sun ƙiyasta cewa kashi 70 cikin 100 na yara 'yan shekara 10 a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi ba sa iya karanta ɗan gajeren labari su fahimce shi.

A ganina tushen matsalar yana cikin ofis, wurin da baƙi masu ziyara ba su cika leƙawa ba. Gini yana da daɗin nunawa, ana yanka masa kyalle ana ɗaukar hoto, amma babu mai ɗaukar hoton takardar albashin malamai da aka tace aka fitar da sunayen bogi, ko tsarin tura malamai zuwa ƙauyukan da kowa ke gudu. Labarin Yuganda ya isa ishara. Binciken da aka yi a can ya nuna cewa tsakanin 1991 da 1995, kimanin kashi 13 cikin 100 kacal na kuɗin gudanarwa da gwamnati ke warewa bisa yawan ɗalibai ne ke isa makarantu, sauran kuma suna maƙalewa a hanya. Sai gwamnati ta fara buga adadin da ta tura kowace gunduma a jaridu, aka kuma umarci makarantu su liƙa abin da suka karɓa inda iyaye za su gani. Zuwa 2001, abin da ke isa ya kai kusan kashi 80. Irin wannan gyara ba ya cin kuɗi da yawa, kuma shi ne ya fi cancantar tallafi.

Sai dai masu ba da agajin ma suna da nasu laifin. Na taɓa tarar da wani shugaban makaranta zaune da takardu kashi uku a gabansa, kowanne na wata ƙungiyar agaji daban, dukkansu suna tambayar yawan ɗalibai maza da mata, kowace da irin jadawalinta. Ya shafe safiya yana cike su, yaran aji biyu kuwa suna zaune babu kowa a gabansu, domin shi ne malaminsu. Na kuma ga baburan da wani shiri ya saya wa masu duba makarantu jingine a bayan ofis, ƙura ta lulluɓe su, saboda ranar da wa'adin shirin ya cika, ranar ce kuɗin mai ya tsaya, kuma babu wanda ya tuna ya sa shi cikin kasafin ma'aikata. Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda ofisoshin waɗannan shirye-shirye ke janye haziƙan ma'aikata da albashi mai tsoka, su bar ma'aikatar da suka zo ƙarfafawa ta ƙara rauni.

An san da wannan cuta tun tuni. Yarjejeniyar Paris ta 2005 ta buƙaci masu ba da agaji su haɗa kai su yi aiki ta cikin tsarin ƙasar da suke taimako, kuma asusun haɗin gwiwar ilimi na duniya da ake kira GPE, wanda ya samo asali a 2002, an gina shi ne kan cewa kowace ƙasa ta tsara shirinta guda ɗaya, kowa ya zuba kuɗinsa a ciki. Cika wannan alkawari ne ke tafiyar hawainiya. Su ma gwamnatocin ƙasashe masu karɓa sun amince a taron Incheon na Koriya ta Kudu a 2015 cewa za su riƙa ware wa ilimi kashi 15 zuwa 20 cikin 100 na abin da suke kashewa, kuma da yawansu ba su kai ba. Rushe hukumar agajin Amurka ta USAID a 2025 ya nuna yadda tallafin waje ke iya yankewa dare ɗaya, ya bar littattafai da horon malamai a tsakiyar hanya.

Roƙona gare ka, ranka ya daɗe, shi ne duk lokacin da aka sanar da wani sabon tallafin ilimi, wakilanka su tambayi nawa ne zai isa makaranta, wa zai ci gaba da biyan kuɗin aikin bayan baƙi sun tafi, sannan bayan shekara su koma makarantun su miƙa wa ɗan aji uku littafi su saurari karatunsa.

Naka a kullum,
Wani tsohon jami'in duba makarantu