A bar yaranmu su koyi kung fu

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili in yi magana da iyaye 'yan'uwana na Kaduna, musamman na Tudun Wada da Rigasa da Kawo, inda ƙwacen waya da rikicin 'yan sara-suka suka hana mu sakat. Ni tela ne, tun ina saurayi nake koyon kung fu, wato fasahar faɗa da kare kai ta Sinawa, yanzu kuma bayan sallar asuba ina horar da wasu yara a filin unguwarmu kafin in buɗe shago. Uba bayan uba, tambayarsu ɗaya ce: "Malam, ɗan daba kake so ka mayar min da yaro?" Na fahimci wannan tsoro, amma ba nan ne muhallinsa ba.

Yaron da ya zo wurinmu ba naushi ake fara koya masa ba, tsayuwa ce. Zai buɗe ƙafafu, ya sauke ƙugu kamar wanda ke kan doki, bayansa a miƙe, har cinyoyinsa su kama rawa. Haka za a yi ta yi makonni. Mai zafin kai da ya zo don ya rama dukan da aka yi masa a layi, a nan yake sarewa ya daina zuwa. Wanda ya jure kuwa, kafin ya iya kai hannu ya riga ya iya danne zuciyarsa. Sinawa ba su raba wannan fasaha da tarbiyya ba: tawali'u, girmama malami, juriya da riƙon amana suna cikin karatun. Gidan ibadar Shaolin da aka sani da kung fu, da ke lardin Henan a ƙasar Sin, wanda aka kafa a wajajen shekarar 495, da horo mai tsanani ya yi suna.

Gaskiyar da finafinai ke ɓoyewa ita ce kung fu ba maganin ƙarfe ba ne. Duk wanda ya zaro maka wuƙa yana neman waya, miƙa masa, ka tsira da ranka. Wannan nake nanata wa yarana kullum. Abin da horon ke bayarwa daban ne: ka lura da mai bin ka tun daga nesa, ka san tazarar da za ka bari tsakaninku, ka iya ƙwace hannunka ko wuyan rigarka in an damƙe, ka faɗi ba ka karye ba, numfashinka kuma bai ɗauke don firgici ba. Salon Wing Chun, wanda wani malamin kung fu mai suna Ip Man ya koya wa Bruce Lee a Hong Kong, bai dogara da girman jiki ba. Tsare tsakiyar jiki ake yi, fuska da maƙogwaro da ƙirji, da gajerun motsi. Shi ya sa nake ganin 'yan matanmu masu dawowa daga Islamiyya da magariba sun fi kowa buƙatarsa, kuma mata ne ya kamata su koya musu.

Masu damuwa da batun rusunawa, ba dole ba ce. Gaisuwar kung fu dunƙulen hannun dama ne a tafin hagu, kana tsaye, kuma malamai na fassara ta da cewa hankali ne ke rufe ƙarfi.

An sa wushu, wato kung fu na gasa, cikin wasannin Olamfik na matasa na Dakar a 2026, saboda haka akwai gaba a harkar. Ina roƙon shugabannin makarantu su buɗe mana filayensu da safe da ranakun Asabar. Iyaye kuma kada ku tura yaro wurin malamin da ba ku gani ba: ku je ku zauna ku kalli horon da idonku, in kun ji yana zuga yara su gwada ƙarfi a titi, ku janye naku a ranar.

Wassalam,
Wani tela daga Tudun Wada, Kaduna