Wasiƙa daga Alƙahira: abokan da na samu a zaman jinya na wata tara

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka domin in yi magana da 'yan'uwana masu shirin fita waje, musamman masu tafiya jinya da iyayen da ke tura 'ya'yansu karatu. Daga Alƙahira nake rubuto wannan wasiƙa, inda na kawo mahaifina neman magani tun watan Oktoba na 2023. Cikin ikon Allah likitoci sun sallame mu, saura mako biyu mu kamo hanyar gida, kuma a 'yan kwanakin nan da nake ɗaure kaya ne na ga bai kamata in bar garin nan ban faɗi abin da ke raina ba.

Ranar da za mu taso daga Katsina, duk wanda ya zo sallama nasiharsa ɗaya ce: kada in yarda da kowa, kada in saki jiki da Larabawa, in nemi 'yan gida in manne musu. Na san ƙauna ce ta sa suka faɗi haka, kuma na bi maganarsu sau da ƙafa har tsawon wata uku. Mun kama haya a Hayyul Ashir da ke yankin Madinat Nasr, unguwar da baƙaƙen fata suka yi yawa har mutum kan iya wuni bai buƙaci Larabci ba. Ɗaliban Azhar 'yan Najeriya da Nijar ne suka tarbe mu a filin jirgi, suka riƙa yi mana tafinta a asibiti ba tare da sun karɓi ko sisi ba, Allah ya saka musu da alheri. Amma kuma a cikin namu ɗin ne na gamu da dillalin da ya ninka mana kuɗin haya, yana yi mini Hausa tsantsa, yana kiran mahaifina Baba. Ashe jin yare ɗaya ba shi ne amana ba.

A gidan da muke akwai mai gadi, wani dattijo mutumin Aswan, wanda yake zaune da iyalinsa a ɗaki ɗaya a ƙarƙashin matakala. Wata uku ina wuce shi safe da yamma, ban taɓa ƙara masa komai a kan sallama ba. Wani dare a watan Janairu, cikin sanyin da ke ratsa ƙashi, jikin mahaifina ya rikice, ga shi muna hawa na biyar, na'urar hawa bene kuma ta lalace. Na kira mutanenmu uku a waya, kowa na barci. Wannan dattijo ne ya ji motsina ya hau sama ba tare da na kira shi ba, ya goya mahaifina a bayansa ina tallafe da ƙafafunsa har muka sauko, sannan ya fita titi ya tsayar mana da mota. Da gari ya waye asibiti suka ce sai an ƙara jini, kuma sai mun kawo masu bayarwa. Kafin azahar ya iso da babban ɗansa da wani mai guga na kan layinmu, duka biyun suka miƙa hannu aka ɗiba. Da na ƙunsa kuɗi na kai masa, sai ya ɓata rai ya ce mini wannan abin kunya ne, maƙwabci ba ya sayar wa maƙwabcinsa jini. Tun daga ranar nake kiransa Ammu, wato Baffa, kuma kusan kullum bayan la'asar a kan bencinsa nake shan shayi. A wurinsa na koyi Larabcin titi, wanda ya sha bamban da na allo da muka karanta a gida.

Aboki na biyu a azumi na same shi. A ranar 6 ga Maris na 2024 aka karya darajar kuɗin Masar, dala ɗaya ta tashi daga kimanin fam 31 zuwa kusan 50, kwanaki kaɗan kafin a ga wata. Kowa na kukan tsadar kaya, amma duk da haka ba a fasa shimfiɗa teburan da suke kira Mawa'idur Rahman ba, inda masu hali ke ciyar da duk wanda magariba ta riska a hanya, ba a tambayar sunansa balle ƙasarsu. A kan irin wannan tebur nake zaune ina amsa wayar gida, sai wani mutum da ke gefena ya jira na gama, ya ce mini, “Sannu ɗan'uwa, mutumin wane gari ne?” Malamin makaranta ne daga Omdurman, yaƙin da ya ɓarke a Sudan a watan Afrilu na 2023 ne ya koro shi da iyalinsa. Asalinsu mutanen Mai Wurno ne, garin da ke gaɓar Nilu kusa da Sinnar, wanda Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, ya kafa tare da waɗanda suka tsira bayan yaƙin Burmi na 1903. Bai taɓa taka ƙasar Hausa ba, amma Hausarsa irin ta kakanninmu ce, akwai kalmomin da rabona da jin su tun rasuwar kakata. Mutum ne da ya rasa gida da aiki da littattafansa, amma shi ne yake zuwa ya zauna da mahaifina suna hirar tarihi a ranakun da ciwo ya hana shi cin abinci, har ya samu ya lallashe shi ya sha ɗan kunu.

Shi ne ya kai ni tsohon masallacin Azhar, wanda ya haura shekara dubu da ginawa, ya ba ni labarin masaukin da aka ware wa ɗaliban Borno a cikinsa tun zamanin da. Ya kuma tuna mini cewa Imam Suyuɗi, wanda ya rasu a 1505, daga garin nan ya aike wa Sarkin Katsina Ibrahim Sura wasiƙar nasiha. Na yi shiru ina tunani: mutanen da suka ratso Sahara a kan raƙuma sun ƙulla zumunci da malaman Masar har ana musayar takardu, mu kuwa da jirgi ke kawo mu cikin 'yan sa'o'i muna zuwa mu kulle kanmu a unguwa ɗaya.

Ba ina cewa komai lafiya lau ba ne. Yara sun sha bi na a titi suna kirana da sunaye saboda launin fatata, masu tasi sun sha ƙara mini kuɗi da zarar sun ji harshena, kuma abin yana da ciwo. Taka tsantsan wajibi ne ga baƙo. Abin da nake ƙi shi ne a mayar da taka tsantsan ya zama katanga, har ɗalibi ya yi shekara huɗu ko biyar a ƙasa ya dawo bai taɓa cin abinci a gidan ɗan ƙasar ba, ba shi da mutum ɗaya da zai kira ranar da ta ɓaci. Ina roƙon iyaye da malamai su gyara nasihar da suke yi wa matafiya. A ce musu su kula da dukiyarsu da takardunsu, amma a haɗa da cewa su koyi gaisuwar mutanen gari, su san mai gadi da mai shago da limamin unguwa, su amsa gayyata idan an gayyace su. Da na yi haka tun makon farko, da wata ukun da na kwashe cikin kaɗaici da fargaba sun zo mini da sauƙi.

Jiya na kai wa Ammu bargunanmu da tukwane da sauran kayan da ba za mu iya ɗauka ba, sai da mahaifina ya sa baki kafin ya karɓa. Malamin nan na Sudan kuwa abu ɗaya ya roƙa: idan na isa gida na huta, in je garin Wurno na Sakkwato in ziyarci kabarin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, in ɗauko masa hoton garin ya nuna wa 'ya'yansa. Na yi masa alkawari, kuma in Allah ya yarda zan je kafin damina ta ƙare.

Na gode da wannan fili.

Naka,
Wani mai jinya daga Katsina,
a halin yanzu a Alƙahira, Masar.